Littafin Tsohon Ma'aikacin Ruwa

Shekara uku na yi a wani guruf na masu karatu a waya, kuma ban taɓa ganin mutanen da suke son a gan su da littafi kamar su ba. Daga Bebeji, Kiru da Tudun Wada suke, sai mu 'yan Doguwa da kullum sabis yake yi mana rowa. Doka ita ce duk wanda ya gama littafi ya rubuta sharhi layi uku. Abin da ake yi kuwa, a ɗora littafi kan darduma, a ajiye kofin shayi da tabarau a gefe, a ɗauki hoto, a rubuta: "Masha Allah, akwai darussa. Allah ya ƙara basira." Wane darasi? Oho. Akwai wani malamin sakandare a Kiru mai gama littafi huɗu a mako, alhali na san shi sarai, ko katin ɗaurin aure ka miƙa masa sai ya tambaye ka yaushe ne.

A cikinmu akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin ruwa a Tiga. Idonsa ya yi rauni, 'yarsa ce take karanta masa saƙonni, shi kuma ya amsa da saƙon murya. Ya rubuta ɗan littafi a kan ƙauyukan da ruwan dam ya cinye: ina rijiya take, ina kasuwa, gidan wa yake bin na wa. Ya buga 'yan kwafi a Kano, ya ba guruf ɗinmu kwafi ɗaya.

"'Ya'yana, ba yabo nake nema ba," in ji shi. "Ku duba mini inda na yi kuskure. Tsofaffin da zan tambaya suna ta ƙarewa, ni kuma ba na iya karanta abin da na rubuta."

Mu a wajenmu direbobi ne suke yawo da littafi. A ƙulle shi a leda, a rubuta lambar waya, a miƙa a tasha kamar saƙon daddawa. Haka nasa ya kama hanya. Wata ma'aikaciyar jinya a Bebeji ta ce ƙarshensa ya sa ta kuka. Malamin Kiru ya ce babi na bakwai ya isa a koyar a jami'a. Wani mai kemis a Tudun Wada ya ce sau biyu ya karanta. Ni ma ba zan wanke kaina ba, duk wanda ya yi yabo sai na bi shi da "Gaskiya ne," ko bangon littafin ban taɓa gani ba. Dattijon yana ta godiya, yana ƙarawa da, "Ba a ga gyara ba?" Sai a tura masa hoton fure.

Sai bayan wata biyu ya iso hannuna. Bangon ya sha wuya, ga sawun gindin kofi, ga maiƙon ƙosai. Na taso daga makarantar da nake koyarwa, na zauna na fara. A shafi na ashirin na tsaya cak. Daga nan har ƙarshe takardun a haɗe suke ta sama, huɗu-huɗu, maɗaba'a ba ta yanka su ba. Babi na bakwai a rufe yake ruf. Ƙarshen da ya sa mutane kuka, ko iska ba ta taɓa shigarsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauki hotonsu, sannan na ɗauko reza na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kuma akwai gyara. Kakata 'yar ɗaya daga ƙauyukan ce. Ya sa marina a gabas da kasuwa, ita kuwa kullum cewa take yamma, kusa da rimi. Unguwar maƙera ma ya tsallake ta gaba ɗaya. Na kira goggona, ta tabbatar mini.

Na rubuta dogon saƙo don in tona asirin kowa a guruf, har da hoton takardun. Sai na tuna 'yarsa za ta karanta masa. Na goge, na kira shi kai tsaye, da niyyar ba zan ambaci reza ba.

"Baba, ina wuni. Malamar Doguwa ce. Na ga gyara biyu."

"Alhamdulillahi. Faɗi, 'yata."

Na faɗa masa. Ya yi ta cewa haka ne, haka ne, rimin ma ya tuna shi yanzu. Sai ya jefo mini tambaya.

"Da me kika yanka takardun?"

Na ce da reza.

"Duk kwafin haka suka fito," ya ce. "Tun ranar da na aika shi nake jiran wani ya yi mini ƙorafi."

Kunya ta kama ni, tawa da ta sauran duka.

"Kar ki kashe," ya ce. "Bari in kira yarinyar nan tawa ta kawo biro. Ki maimaita zancen marinar nan a hankali."