Kao, Ba Kawu Ba

Jiya na ratsa wani kanti a unguwar Suwaidi, nan Riyad, ƙamshin gasasshiyar kwakwa ya dake ni, na yi tsaye kamar wadda aka kira da sunan yarinta. Ƙamshin ƙofar maƙwabciyarmu ke nan, tun ina yarinya.

Tsohuwar nas ce, kowa a benenmu na ce mata 'yar Filifin, ita kuwa ta ƙi. Daga tsibirin Guwam take, yarensu Chamoro, kuma duk wanda ya yi kuskure sai ta tsayar da shi a matakala ta gyara masa, ko da kaya a hannunsa. Ta ce a zamanin iyayenta horo ake yi wa yaro in ya yi yaren a makaranta, shi ya sa ba ta sassauci.

Ni kuwa a gidanmu tambaya laifi ce. In na ce "don me", Baba ya ce rashin kunya. In na juya da Larabci na ce "lesh", Umma ta murɗe min kunne. To, ai ba su hana da Chamoro ba. Da zafin bazara, lokacin da ko takalmi ba ya son kwalta, a ɗakin matar nan nake yini tana kankare kwakwa tana koya min. "Hafa" shi ne "me". "Sa' hafa" shi ne "don me". In kuma amsar e ko a'a kike nema, ki sa "kao" a gaban magana, shi ke nan ta zama tambaya.

A shekarar Kaka, mahaifiyar Baba, tana wurinmu da bizar ziyara, an yi mata aikin ido. Ɗaki ɗaya muke kwana. Ita kaɗai ke yi min tatsuniya, ita ke gyara min Hausar da Larabci ya fara cinyewa. Kullum tana mita: zafi, sanyin na'ura, tuwon da ba ya ɗaure. Baba ya ji mitar, ya yanke cewa gida take so, ya ce ranar Juma'a zai kai ta filin jirgi. Kun san Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, shi ma daga gaisuwa sai ya miƙe. Ba wanda ya tambaye ta. Na yi kuka har na gode Allah.

Ana saura kwana kaɗan muna cin abincin rana, na ajiye cokali na dubi Baba na ce, "Sa' hafa?"

Mutumin da ya ƙare karatunsa da Larabci, sai ya ji "sahafa", wato aikin jarida a Larabce. Ya ce, "Aikin jarida kuma? Ci abincinki."

Haushi ya ƙara kama ni. Na juya wajen Kaka na ce, "Kao kina son tafiya?"

Ta ce, "Wane Kawun? Ja'irar yarinya, kawunki na nan ne?"

Na ce, "Ba Kawu ba, Kaka. Tambaya ce. Kina son tafiya?"

Umma ta riga ta miƙo hannu wajen kunnena. Kaka ta ce a ƙyale ni. Ta juya fuskarta ga bango, da bangon ta yi magana, don ba za ta faɗa wa ɗan fari kai tsaye ba.

"A faɗa wa mai gidan nan, mita ba sallama ba ce. Wa na bari a can? Kaburbura?"

Baba ya ture kwanonsa. Ya tashi bai gama ci ba. Washegari ya fara zirga-zirgar sabunta mata ziyara, ta zauna da mu iyakar abin da doka ta bari. Ni dai na sha murɗar kunne daga baya, kuma har yau ban ce na tuba ba.

Yanzu Kaka ta rasu, maƙwabciyar ta koma tsibirinsu, Baba ya tsufa a ɗakin da Kaka ta zauna. 'Yata tambaya ce da ita kamar ruwan famfo, 'yan uwa na cewa na sangarta ta. Su yi ta faɗa. Kwanan baya ƙannena suka haɗa kai a waya, suka gama shirin mayar da Baba gida, wai ya gaji da Riyad. Ni ce 'yar farinsa, an san ba ma doguwar magana. Na shiga na zauna a gabansa.

Na ce, "Baba, kao?"

Ya juya fuskarsa ga bango. Sannan ya ce, "A faɗa musu ban gaji ba."