Burodin Ƙonni da Rabon Gonarmu

Ko zan manta komai na ƙuruciyata a Illela, ban da ranar da aka raba gonar albasar mahaifina, Allah Ya jiƙan shi. Ina aji huɗu a firamare lokacin, yarinya ce ni marar magana, sai kallo.

Malamin da ya zo rabon gado ya ce Inna tana da ɗaya bisa takwas, Kaka mahaifiyar Baba kuma ɗaya bisa shida. Na ji daɗi a raina, tunda takwas ta fi shida. Amma da aka ja igiya aka kafa turaku, sai na ga gefen Kaka ya fi na Inna faɗi. Wanda ya riƙe bakin igiyar kuwa Baffa ne, ƙanen Baba. Na lura har da yadda ya naɗa ta a hannu kafin ya ja.

Daga ranar na sa masa ido. In ya shigo ya yi ƙasa da murya da Kaka, sai in ce a raina, sun ci gonar uwata. Na daina gaishe shi sai dai in motsa baki. Inna kuwa ko a jikinta, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Wata Lahadi Baffa ya dawo daga Ƙonni, can tsallaken iyaka, da dogon burodin nan guda biyu. Ya miƙo mini, na noƙe kafaɗa.

"Ɗiyata, mi na yi maki?"

Na daɗe ina murza bakin hijabi kafin na ce, "Takwas ta hi shidda, amma ka ba Kaka babba."

Idonsa ya kawo ruwa. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi wuƙar Inna, ya yanka burodi ɗaya gida shida, ɗayan gida takwas, ya jera su a faifai.

"To, sarkin bincike, ɗauki guda, wanda duk kika so."

Hannuna da kansa ya tafi kan na shidan. Kaka ta fashe da dariya. "Ɓarauniya! Ga ta ta ɗauki rabona!"

Nan na gane in masu ci suka yi yawa, yanka ƙanƙancewa yake yi. Har yau in zan koya wa yaro lissafin kashi, da burodi nake farawa. Kuma na koyi cewa idona yana iya ganin daidai, zuciyata ta karanta shi a karkace. Da na tambaya tun ranar igiya, da ban hana Baffa gaisuwata ba.