Saran Yero a Jikin Kanya

Shekara arba'in da ɗaya Yero mai fito yana saran kanyar da ke bakin mashigi, can ƙasa da Kende. Duk shekara idan ruwan kogin Kwara ya cika ya tsaya, sai ya tura jirginsa jikin itacen, ya ɗauko gizago ya yi sara daidai inda ruwa ya kai. Ba wanda ya sa shi. Mutane ma tsokanarsa suke yi, wai ya rasa abokin faɗa sai itace. Ko harafi ɗaya na boko bai sani ba, amma ka nuna masa kowane sara, zai gaya maka shekararsa da gonakin shinkafar da suka nutse. Idan ruwa ya janye Yero ya tsaya a gindin kanyar, saran farko-farko ba su wuce ƙugunsa ba. Na baya-bayan nan ko ya ɗaga hannu ba ya kai musu.

Autarsa Sailuba karatu ya kai ta nesa, har ta shekara uku ba ta taka gida ba. Rannan ta bugo waya. Wata jami'a a Kwatano za ta ɗauki ɗaliban digiri na uku kan sauyin yanayi, ita kuma ta ce musu tana da tarihin cikar Kwara na shekara arba'in. Sun ce ta kawo awon.

"Baba, ka bar Malam Abbas na firamare ya auna, ya ɗauki hoto ya turo mini."

"Iccen ga ba ya zuwa ko'ina," in ji Yero. "Ki taho da kanki ki auna."

Gaskiyar magana, kewarta ce ta ishe shi, kuma Yero ba mutumin da zai buɗe baki ya faɗi haka ba ne. Da Malam Abbas ya zo da igiyar awo, sai ya sallame shi da kifi. Sailuba ta yi alkawarin zuwa bayan damina.

Ruwan shekarar bai jira ta ba. Ya yi ta cin gaɓa har ya tone saiwar kanyar, wata ranar Laraba da hantsi ta kife, kogi ya tafi da ita. Kwana biyu Yero yana bin ta da jirgi ta wajen Yawuri. Ko reshe bai gani ba.

Da Sailuba ta iso, ya kai ta sauran gaɓar, ya ce ta buɗe littafi. Ya shiga nuna mata a jikinsa: shekarar da aka haife ta ruwa ya kawo nan, shekarar da mahaifiyarta ta rasu ya kawo nan. Sai dai tsufa ya riga ya tanƙwara shi, ƙirjin yau ba shi ne na wancan lokaci ba. Ta rubuta duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Za su amsa, ɗiyata?"

"Awo suka so, Baba."

Gurbin karatun ya wuce ga wani. Sailuba ta yi wata huɗu a gida tana dama masa fura, tunda babu inda za ta. Abin da ya shekara uku yana roƙon Allah ke nan, amma ko sau ɗaya bai iya ɗaga ido ya dube ta ba.