Ƙurar Ƙofar Gida

Mai shagon buga takardu bai santa ba. Dattijuwa ce siririya, ƙafar gilashinta ɗaure da zare. Hotuna biyu take so a buga mata a kan roba shara-shara: ɗaya gungun taurari ne mai nisa da wani haske dishi-dishi kewaye da shi, ɗayan taswirar ƙurar da ke yawo tsakanin taurarinmu na kusa.

Yana ganin dishin ya ɗauko tsumma zai goge injin.

"Bari, ɗana," in ji ta. "Ba dattin injinka ba ne."

Tana tsaye bakin taga, ta ɗora wannan roba kan waccan. Hasken da ƙurar sun hau juna daidai, ko gefe bai leƙo ba.

"Shekara tara ina rubutawa a bincikena cewa hasken nan na gungun can ne. Ashe ƙurar ƙofar gidanmu ce."

Yana tunanin ko tana da wanda za ta gaya wa a gida ya gane.

"Sannu, Mama," ya ce, kamar mai ta'aziyya.

Ta cire gilashin, ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta sake dubawa.