Farar Shaddar Maharazu

Da na dawo Kwatano daga karatu a Kiev, wurin Maharazu mai bugu na fara kai rigunana. Rumfarsa tana wani layi mai rairayi a bayan Zango. Yakan jiƙa shadda da ruwan sitaci ya shanya a igiya, in ta sha iska ya ninke ta a kan gungume, ya yi ta dukanta da itacen bugu har ta ɗauki ƙyalli. Da farar shadda aka san shi. Har daga unguwar Vêdoko ake aiko masa da ita.

A lokacin jandarmomi sun kafa shinge a kan kwalta, sai direbobin bashe, wato Fijo mai buɗaɗɗen baya, suka koma ratsawa ta layinsa. Rairayi yana riƙe taya, don haka suka sa aka ƙwaƙule cikin salansa, wato bututun hayaƙin mota, wai sai haka mota ke numfashi. Fetur ɗin kwalba da suke sha kuwa gauraye yake. In mota ta kafe a gaban rumfar, direba ya yi ta taka totur, baƙin hayaƙi ya rufe igiya. Toka-tokarsa ba ta nunawa a jiƙaƙƙen yadi. Sai an buga take shiga zare, kuma wanki ba ya fitar da ita.

Na tambayi bakaniken da ke musu aikin ko da gaske ƙarfi yana ƙaruwa. Ya ce shi ma bai tabbatar ba, amma direba in bai ji ruri ba, ba ya yarda an taɓa motarsa.

Maharazu ya kai ƙara wurin delege, wato wakilin hukuma a unguwa. Delege ya ce, "Kamarad, hayaƙi ai alama ce ƙasa tana aiki." Maharazu ya gwada shanya a cikin ɗaki, sitaci ya yi tsami. Ya gitta kututturen kwakwa a bakin layi, kafin azahar direbobi sun ture shi.

Yawancin motocin na Alhaji Wada ne, wanda shekara da shekaru Maharazu ke buga masa riguna. Wata Alhamis ina zaune Alhajin ya zo karɓar ta Juma'a. Ya ware ta, ya ɗaga ta a rana.

"Maharazu, zabuwa na ce ka mayar min da riga?"

"Alhaji, zanen motarka ne, ni bugawa kawai na yi."

"Motata a cikin rumfarka take kwana?"

"Da ma kwana take, ai da sauƙi. Ranka ya daɗe, ka sa a mayar musu da salansa, ko su bi kwalta kamar kowa."

"Kwalta? Ka san awa nawa ake shanya mutum a shingen nan?" Ya naɗe rigar a hammata. "Tsufa ne dai ya kama maka ido."

Maharazu ya ɗauki itacen ya ci gaba da dukan abin da ke kan gungume, fiye da yadda yadin ke buƙata.

Tun daga makon Alhaji ya koma aika fararensa wurin wani mai bugu a Godomey, can bayan gari, sauran 'yan kasuwa suka bi shi. Bayan sallah na kai wa Maharazu sabuwar farar shaddata. Ya shafa ta da bayan hannu, ya daɗe yana dubanta, sannan ya miƙo min.

"Malam, kai ta Godomey. In kana da shuɗiya ko baƙa, kawo."