Jharna da Kyamarar Aro

Ranar da Jharna Khatun ta fara shigowa ajinmu na koyon ɗaukar hoto a Dhaka, babban birnin Bangladesh, mun ɗauka uwar wani ce ta biyo sawunsa. Ta doshi shekara arba'in, mu kuwa yawancinmu ɗaliban jami'a ne masu neman abin yi ran Juma'a. Ta nemi kujerar baya ta zauna, ta cire takalmi, ta shiga matsa ƙafafunta. Malam Tofazzal bai gama gabatar da kansa ba ta fara gyangyaɗi.

A unguwar Mirpur take zaune, a ɗaki ɗaya ita da mijinta Mokbul, direban adaidaita, da 'yarsu guda. Aikinta a kamfanin ɗinki shi ne duba riguna. Tun safe take tsaye a ƙarƙashin farar fitila, tana neman zaren da ya zame ko maɓallin da ya karkace. Wata ƙungiyar mata ce ta yi shelar ajin a ƙofar kamfanin, tare da alkawarin aron kyamara. Da muka saba na tambaye ta abin da ya kawo ta.

Ta ce, "Mitali, tun ina yarinya aibi nake nema a jikin abu. Shi ne na ce bari in ga ko idon nan ya iya wani aikin."

Apa muke ce mata, wato yaya, tunda duk ta girme mu. Har Malam haka yake kiranta.

Aikin gida na farko shi ne mu ɗauki abu ɗaya a hasken safe, da na tsakar rana, da na yamma. Muka kawo hotunan furanni da kofunan shayi. Da majigi ya haska nata a bango, sai ga kwanon abincinta mai hawa-hawa, duk dishi-dishi, da ƙyar ake gane shi.

Malam ya ce, "Jharna Apa, ina hasken?"

"Ni ma shi nake nema, Malam. Ina fita bai fito ba, ina dawowa ya tafi. Kamfani kuwa ba a shiga da kyamara."

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Malam ya sosa ƙeya, ya ce to ta yi aiki da wanda take samu, ko na murhu ne, ko na fitilar mai shayi.

Aiki na biyu, kowa ya tsayar da wanda bai sani ba, ya nemi izini, ya ɗauke shi. Ta tafi wurin wani mai kifi a kasuwar unguwarsu. Ya ce sai ta sayi ilish, kifi mafi tsada a teburinsa. Ta ce masa, "Ilish? Ka ga na yi kama da matar minista?" Suka daidaita a kan ƙananan kifi, ya tsaya ya turo ƙirji kamar soja. Hoton ya fito a girgize, domin bayan aikin yini hannunta rawa yake yi. Malam ya koya mata ta dafe gwiwar hannu da bango, ta riƙe numfashi kafin ta danna. Ta ce wannan mai sauƙi ne, jingina da bango dai ta iya.

Da damina ta sauka ruwa ya shiga ɗakinsu har idon sawu. Ta naɗe kyamarar a leda ta cusa cikin garwar shinkafa, ta ɗora saman kabad. Mokbul yana kwashe ruwa yana mita: "Katifarmu tana iyo, ke kuma kayan mutane kike wa jinya." Amma in bai sami fasinja ba shi yake kawo ta aji, ya sauke ta ba tare da ya dube ta ba. Wasu makonnin ba ta zuwa sam, an riƙe su a wurin aiki saboda kayan da za a tura waje. In ta zo, idanunta jajur. Ta sha ce mini za ta mayar da kyamarar ta huta, sai kuma in gan ta a kujerar baya.

Aikin ƙarshe shi ne babba: labari cikin hotuna, a kan mutanen da kake rayuwa a cikinsu. Wani ɗan ajinmu, Rifat, ɗan masu hali, ya ce mata, "Apa, ke ai kin huta, a tsakiyar labari kike kwana. Yaushe za ki kai mu unguwarku?"

Ta ce, "Gobe ma ka zo. Ka taho da bokitinka."

Ba ta da lokacin fita neman labari, don haka ta ɗauki abin da ke gabanta kullum, wato bas ɗin komawa gida. Matan kamfani suna shiga suke ɓingirewa, wata a kafaɗar wata, wata a tsaye riƙe da ƙarfe. Ta riƙa ajiye kyamarar a shagon wata ƙawarta kusa da ƙofar kamfanin, in an tashi ta karɓa. A cikin hotunan akwai na Parul, wata matashiya mai ɗinkin wuyan riga da suke unguwa ɗaya. Ta kwantar da kai a jikin taga, mayafi ya zame, baki ya ɗan buɗe, ragowar hasken yamma ya kwanta mata a kunci. Aka haska shi a bango. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan za a sa a takardar tallan baje kolin ƙarshen zango.

A ranar na ga Jharna ta yi murmushi har haƙoranta suka fito. Ta saya mini shayi da biskit, ta ce kada in yi gardama.

Murnar ba ta yi nisa ba. Wani ya ɗora tallan a intanet, ƙanin mijin Parul ya gani, ya nuna wa gida. Ran Juma'a da safe Jharna tana wanki sai ga Parul a bakin ƙofa, tana huci.

"Apa, me na tare miki? Baki buɗe kamar mushen kifi! Duk dangin mijina sun gani. Surukata tana tambaya ko haka nake yawo a gari ba mayafi."

"Wallahi ban yi don in tozarta ki ba. Kin yi kyau a ciki."

"Kyau? To da na yi kyan, kin tambaye ni?"

Jharna ta tsaya da kumfa a hannu. Ba ta tambaya ba. A ganinta wadda kuke cin abinci a matakala ɗaya ba baƙuwa ba ce, ba sai an nemi izininta ba.

Ta bar wankin a jiƙe ta tafi makaranta. Ina wurin lokacin da ta ce wa Malam a sauke hoton. Ya yi ta lallashinta. Ya ce shekarunsa da yawa yana koyarwa bai ga irinsa daga hannun ɗan koyo ba, ya ce mutanen birnin nan suna bukatar su ga wannan gajiyar.

Ta ce, "Malam, mai gajiyar ta ce ba ta so. Ni gobe kusa da ita zan tsaya."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce shi ya kamata ya tambaye ta tun farko ko ta nemi izini. Aka sauke hoton, aka canza tallan, amma wanda ya riga ya bazu a wayoyin mutane babu mai dawo da shi.

Daga nan ta bi sauran matan ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu nasu. Yawanci suka ƙi. Wata tsohuwa mai shara ta ce a sa, ita wa zai kalle ta. Aka haɗa da na Mokbul yana rama barci a cikin adaidaita, da na wasu ƙafafu a kumbure cikin silifa. A baje kolin kusurwarta ce mafi ƙanƙanta. Ta zo a makare da kayan aiki a jikinta, ta tsaya gabansu ɗan lokaci, ta ce za ta rasa bas, ta tafi.

Parul ta daɗe ba ta yi mata magana. Sai dab da ƙaramar salla, lokacin mayar da kyamara ya kusa, ta tsaya kusa da ita a layin famfo, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Abar nan tana wurinki har yanzu?"

"Tana nan."

"To ki ɗauke ni. Amma idona biyu."

Suka hau rufin gidan hayar su Jharna da la'asar. Parul ta ɗaura jan sarinta, zanenta na biki, ta shafa jan baki, ta ɗaure fuska kamar za a yi mata allura. Jharna ta yi ta matsar da ita daga nan zuwa can, tana neman inda rana ba za ta sa ta runtse ido ba, har Parul ta gaji ta fashe da dariya. A nan ta danna. Daga baya aka wanke hoton aka aika wa uwar Parul a garin Rangpur. A ranar kuwa, kafin rana ta faɗi, wasu matan gidan sun hau da nasu kayan salla, suna jiran layi.

Ta mayar da kyamarar a ranar da aka ce, a goge tas.

Har yanzu tana kamfanin, sai dai ta fara sa tabarau. Daga baya ta sayi wata tsohuwar kyamara a hannun mai gyara, tana ɗaukar hotunan baiko da sunan jarirai a unguwa. Kwanakin baya na haɗu da ita a tashar bas ta Mirpur, na tambaye ta ko tana ɗaukar irin hotunan da Malam ya so.

Ta ce, "Mitali, Juma'a ɗaya ce a mako, ga wanki, ga cefane. Ke dai in kin san inda ake sayar da batir mai araha ki gaya mini, nawa ba ya riƙe wuta."

Bas ya tsaya, mutane suka yi caa a ƙofa. Ta rungume jakarta a ƙirji, ta sa kafaɗa ta kutsa ciki.