'Yar Gyartai da Jirgin Sawakin

Muna yara a unguwar Bab Makka ta Jidda, da an yi magariba Inna Kulu, kakata ta wajen uwa, za ta hau saman soro da murhun gawayi ta ɗora shayi, mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Gaskiya ba ta iya tatsuniya ba, tana kaiwa tsakiya take mantawa. Labari ɗaya ne ba ta taɓa ɓatawa ba, don nata ne.

"Ku matso. Wannan ba ji na yi ba, da ƙafata na je."

Daga ƙasar Damagaram suka taso ita da mijinta, Kaka Malam, har Sawakin, bakin teku ta gefen Sudan. Uwata tana goye a bayanta. Nan suka sami sambuk, jirgin katako da iska ke turawa, zai tsallako da su Jidda. An jawo shi kan yashi ana gyara. Ƙa'idar aikin, daga inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi zuwa ƙasa, sai an kankare gansakuka da 'yan katantanwa tas, a cusa auduga tsakanin katakai, sannan a shafe da farar ƙasa da kitse. Nahuda, wato mai jirgin, yana sauri kada iska ta juya, sai ya sa mazanmu da ke jiran jirgin su yi shafar. Su kuwa yaɓen ɗaki suka sani. Suka bi suka lailaye ko'ina sumul, har inda ba a kankare ba. Kaka Malam ne gaba-gaba.

Inna Kulu 'yar gyartai ce, ubanta ɗinkin ƙwarya yake yi, shi ya koya mata ba a sayen ƙwarya da ido. Ta kawo wa maza abinci, tana tafe tana ƙwanƙwasa jikin jirgin da bayan yatsa, sabo kawai. Daidai inda farin ya ƙare, sauti ya canza.

In ta zo nan sai ta buga mana tiren shayi. "Nan ƙwas, nan ƙwas, nan kuma fus! Na ce, Malam, jirgin nan ya ruɓe. Ya ce, Kulu, rufa mini asiri, garinku ko rafi babu. Nahuda ya yi dariya ya ce, ya Takruniya, haka suke kiran matan ƙasarmu, yaushe kika fara ganin teku? Na ce shekaranjiya. Amma ƙwarya na san ta tun ba ni da haƙori, jirgin naka kuwa ƙwarya ce, girma kawai ta yi."

Ta zauna a yashi ta ce ba ta sa 'yarta a ciki. Sauran mata suka zauna su ma. Nahuda ya zare wuƙa don ya kunyata ta, ya caka inda ta nuna. Wuƙar ta shige har ƙota. Tsutsar teku ta cinye katakon daga ciki kamar gara, yaɓen mazanmu ne ya rufe hudojin.

Kwana huɗu ana canza katako. Ita ke gaba tana ƙwanƙwasawa, Nahuda na biye da gawayi yana sa alama.

"Kaka Malam fa?" sai mu tambaya.

"Da hannunsa ya kankare yaɓensa. Kwana biyu bai ci tuwona ba. Halas, labari ya ƙare, ku sha shayinku."

A lokacin dariyar Kaka Malam kawai nake yi. Sai da na yi goyo na gane ƙarfin halin da mace ke bukata ta zauna a ƙasa gaban maza, a garin da ba ta jin yarensu sosai, ta ce a'a.

Ɗana Abdurrahman yanzu gyaran jiragen ruwan masu hali yake yi a Ubhur, bakin tekun Jidda. Kwanaki ya zo mini nan unguwar Safa da takardar shaida, wai an koya musu gane ruɓa a jikin jirgi. Na sa tabarau na karanta a hankali, don ban daɗe da iya karatu ba. Na ce da wace na'ura ake yi? Ya ce, "Ummi, ƙaramar guduma ce, ana bugawa ana kasa kunne."

Na miƙa masa takardarsa. Na ce, "Ya waladi, gadon gidanku aka koya maka. Kai guduma aka ba ka, ita da yatsa ta yi."